Kwarin "Sama da Ƙasa": Inabi ya nuna, amma gonar ta wa ce?

Na san tun daga kanun wannan sharhi wasunku za su ɗaure fuska, su ce me ya haɗa kifi da kaska, me ya kai shafinmu gonar inabin da ake matsewa a yi giya. To bari in share wannan tun da wuri. Ni ba na sha, ba na sayarwa, ba kuwa talla na zo yi wa kowa ba, kuma hukuncin giya a addinin mafi yawanmu ba ɓoyayye ba ne. Abin da ya ja hankalina shi ne ƙasa, da ruwa, da gumin ɗan ƙwadago a wata kusurwa ta nahiyarmu inda ake ta kafa sababbin gonaki ana tafi, alhali tambayar da ta fi kowace nauyi an bar ta a bakin ƙofa. Sana'ar da ke ciyar da mutum fiye da dubu 250 a Afirka ta Kudu, tun daga mai tsinkar inabi har direban kamiyo, ba a kau da kai daga gare ta don kawai ba a shan abin da take fitarwa.

Wurin da nake magana a kai wani kwari ne mai tazarar kilomita kamar 120 daga birnin Cape Town, a bayan garin Hermanus da ke bakin teku. Sunansa Hemel-en-Aarde, wato "Sama da Ƙasa" a harshen Afirkans, saboda duwatsu sun rufe shi ta kowane gefe har mutum ba ya ganin komai sai su biyun. A shekarar 1817 gwamnatin mulkin mallakar Ingila ta mai da shi zangon kutare, akasarinsu ƴan ƙabilar Khoi da bayi, kafin a kwashe su a tsakiyar shekarun 1840 zuwa tsibirin Robben, tsibirin da Nelson Mandela ya yi shekara 18 a tsare. Wurin da aka ga ya dace da waɗanda ba a son gani, yau shi ne masu kuɗin duniya ke zawarci.

Wanda ya fara buɗe wannan hanya wani ɗan kasuwar tallace-tallace ne daga Johannesburg mai suna Tim Hamilton Russell. A 1975 ya sayi hekta 170 na daji a kwarin, a 1981 ya fitar da kwalabensa na farko. Abin da ya zo nema sanyi ne. A cikin ƙasa, inda rana ke dukan gona, inabi na nuna da gaggawa, ya cika da zaƙi, tsaminsa ya gudu. A bakin teku kuwa iskar da ke tasowa daga ruwan Atlantika mai sanyi na rage wa rani kaifi, ƴaƴan su nuna a hankali, zaƙi da tsami su tafi kafaɗa da kafaɗa. Iri biyu ne suka fi son haka, pinot noir da chardonnay, waɗanda asalinsu yankin Burgundi ne na Faransa, kuma masu sayen irin wannan kaya na biyan ninkin-ba-ninkin abin da suke biya wa na ƙasar zafi.

To amma a wancan zamani ba kowa ke da izinin yin haka ba. Babbar ƙungiyar manoman inabi ta KWV, wadda aka kafa a 1918, ita ce wuƙa ita ce nama. Daga 1957 ta riƙa raba wa gonaki kaso, gonar da ba ta da takardar kaso ba ta da ikon yin giya, kuma takardun na hannun tsofaffin gonakin Turawa ne a yankunan da aka saba. Ƙungiyar na tsayar da farashi mafi ƙanƙanta kowace shekara, don haka manomi ya fi riba in ya cika ganguna da yawa ko da kayan ba su da kyau. Hamilton Russell ya yi ta kai ruwa rana da wannan tsari, ba a kuwa soke kason ba sai a 1992. Daga nan ne bakin teku ya buɗe: Elgin, wanda aka sani da tuffa, da Elim kusa da ƙarshen kudancin nahiyar, da shi kansa kwarin, inda tun a 1989 aka kafa gidan Bouchard Finlayson da haɗin gwiwar wani Bafaranshe daga Burgundi. Yau gidajen matsar inabi sun jeru a kan hanyar da ta haɗa Hermanus da Caledon.

Wannan labarin nasara ne, ban musa ba. Mutum ya ga abin da hukuma ta kasa gani, ya nace, ya ci. Sai dai kafin mu yi ta tafi, ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi in an ce "an kafa sabuwar gona", don a nan ne sirrin yake.

Bayan sayen fili, sai a haƙa ramuka a duba ƙasa, a nemi izinin hukumar muhalli in za a share dajin asali, domin ciyayin wannan yanki babu irinsu a ko'ina a duniya kuma doka na kare su. Sai a tsaga ƙasa da manyan injuna, a zuba mata farar ƙasa in tsaminta ya yi yawa. Dashen ba a samunsa a kasuwa yau a dasa gobe, ana yin odarsa shekara guda ko fiye kafin lokaci, saboda kowane itace sai an yi masa aure da saiwar inabin Amurka, kamar yadda masu garka ke yi wa mangwaro. Dalili shi ne wani ƙwaro mai cin saiwa da ya iso yankin a 1886 ya kashe gonaki, kuma har yau yana cikin ƙasa. Sai turaku da waya na kilomitoci, sai tafki, sai bututun ban-ruwa. Bayan duk wannan, shekara ta farko babu ko tsaba, ta biyu ma haka, a ta uku ne ake samun ɗan abin da ba ya biyan kuɗin masu tsinka. Itacen ba ya kai ƙarfinsa sai wajen shekara ta biyar ko ta shida. In an matsa kuma sai ruwan ya kwana watanni a gangar katako, gangar da ake sayowa daga Faransa, wadda sabuwa guda ɗaya takan haura jika 500 na kuɗinmu, ga ta ba ta ɗaukar fiye da lita 228.

Bugu da ƙari, gonar bakin teku ba ta da yawan haihuwa. Sau da yawa ba ta wuce tan 5 ko 6 a hekta, alhali gonakin ban-ruwa na bakin kogin Orange na ba da tan 20 har fiye. Laimar teku na kawo fumfuna, tsuntsaye na ci, gwaggon biri na saukowa daga dutse ya yi ɓarna. A watan Janairun 2019 gobarar daji ta tashi a duwatsun Hermanus ana dab da girbi, kuma inabi ba sai ya ƙone ba, hayaƙi kaɗai in ya shiga fatarsa ya gama da shi. Ke nan wanda zai shiga wannan sana'a sai mai iya zuba kuɗi shekara biyar bai ga ko dala ba, ya kuma jure asarar damina guda bai durƙushe ba.

To wane ne ke da irin wannan aljihu a Afirka ta Kudu? Binciken mallakar ƙasa da gwamnati ta fitar na 2017 ya nuna kashi 72 cikin ɗari na gonakin da ke hannun ɗaiɗaikun mutane na farar fata ne, su da ba su kai kashi 10 cikin ɗari na al'umma ba. A gonakin inabi lamarin ya fi haka muni: alƙaluman da masu sana'ar da kansu suka riƙa ambata wajen 2020 sun ce abin da ke hannun baƙar fata bai kai kashi 3 cikin ɗari ba. Jam'iyyar ANC ta hau mulki a 1994 da alkawarin mai da kashi 30 cikin ɗari na ƙasar noma hannun baƙar fata cikin shekara biyar, aka ɗaga wa'adin zuwa 2014, shi ma ya wuce ba a cika ba. Akwai kuma wani tarko da ba a cika faɗa ba. Dokar mayar wa mutane filayensu ta tsaya ne kan abin da aka ƙwace daga watan Yunin 1913 zuwa gaba, alhali a lardin Western Cape an raba ƴan Khoi da makiyayarsu tun ƙarni na 17 da na 18. Tun 1659 aka fara matsar inabi a can, da hannun bayi. Wanda aka ƙwace wa kakansa fili shekara 300 da suka wuce ba shi da ƙofar da zai buga.

Shi ya sa labarin wata mata mai suna Berene Sauls ya zagaye jaridun duniya. Ƴar ƙauyen Tesselaarsdal ce, bayan duwatsun kwarin, ƙauyen da ya samo asali daga gonar da wani Bature mai suna Tesselaar ya bar wa bayinsa da barorinsa a wasiyya a farkon ƙarni na 19. A 2001 ta shiga gidan Hamilton Russell a matsayin mai renon yara. Daga reno ta koma ɗakin cika kwalabe, ta koyi tuƙin injin ɗaga kaya, ta kai ga riƙe harkar fitar da kaya ƙasashen waje. A 2015, da tallafin Anthony Hamilton Russell, ɗan wanda ya kafa gonar, ta fitar da kayanta na farko da sunan ƙauyensu, kwalabe dubu ɗaya da ƴan kai, da inabin da ta saya a gonar wasu, aka matse shi a ɗakin maigidanta. A 2019 ta sayi fili na kanta, kimanin hekta 16, a tudun kwarin, da niyyar dasa nata itatuwa da gina nata ɗakin matsa.

Na jinjina wa wannan baiwar Allah, na kuma yaba wa wanda ya riƙa mata. Amma a duba lissafin. Uban ya sayi hekta 170 a tashi guda, shekara shida ya kai kwalba kasuwa. Ita kuwa sai da ta yi shekara 18 tana aiki kafin ta mallaki kashi ɗaya cikin goma na wancan, kuma da a ce maigidan nata mai rowa ne da har yau tana lissafin kwalayen wani. Alherin maigida abin so ne, amma ba tsarin gwamnati ba ne, ba ya kuma isa ga mata dubbai da ke tsinkar inabi daga Janairu zuwa Maris sannan a sallame su. Haka Ntsiki Biyela, wadda a 2004 ta zama baƙar mace ta farko da ta riƙe ɗakin matsar inabi a ƙasar, da ta kafa nata kamfani mai suna Aslina sai da sayen inabin gonakin wasu ta fara. Yawancin kamfanonin baƙar fata a wannan sana'a suna ne a jikin kwalba, ƙasar kuwa ta wani ce. Kayan aro ba ya rufe katara.

A nawa ganin laifin gwamnati a nan ya fi na masu gonaki. Tun 2006 ta ɗauki wata hanya inda take sayen gona ta riƙe takardar mallaka a hannunta, ta ba manomi haya. Manomin da ba shi da takarda ba shi da jingina, wanda ba shi da jingina banki ba ya kallonsa, kuma mun riga mun ga cewa gonar inabi shekara biyar take ci kafin ta yi amai. An ba mutum doki an riƙe linzami. Kafin wannan an gwada sayar wa ma'aikata hannun jari a gonakin da suke aiki, kuɗin gwamnati ya shiga, da yawa daga cikin ma'aikatan ba su ga riba ba, ba su kuma san abin da ake tattaunawa a taron hukumar gudanarwa ba, har gwamnati ta dakatar da tsarin a 2009. A Janairun 2025 shugaba Cyril Ramaphosa ya sa hannu kan dokar karɓe filaye, wadda ta ba da damar karɓa ba diyya a wasu ƴan halaye, shugaban Amurka Donald Trump ya mai da martani a watan Fabrairu da yanke tallafi, aka yi ta hayaniya. Duk wannan ƙura ba ta amsa tambaya mai sauƙi ba: in ka ba mace hekta 16 a bakin teku, wa zai ciyar da ita da gonar har itacen ya haihu?

Sai batun ƴan ƙwadago, wanda ba za a taɓa wannan sana'a a tsallake shi ba. Shekaru ɗaruruwa ana biyan ma'aikatan gonakin Cape wani sashe na ladansu da giya, abin da suke kira dop, ana ɗura musu safe da rana da yamma. An haramta shi a takarda tun farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har cikin shekarun 1990. Abin da ya bari shi ne al'ummar da shaye-shaye ya yi wa katutu, da yaran da ake haifa da lahani a ƙwaƙwalwa saboda uwa ta sha tana da ciki, kuma binciken likitoci ya sa wasu garuruwan lardin cikin waɗanda suka fi fama da wannan a duniya. A 2011 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan gidajen ma'aikata marasa ruwa da ban-ɗaki, da feshin magani ba kariya, da korar iyalai daga gonaki. A ƙarshen 2012 yajin aiki ya ɓarke a De Doorns, aka ƙona gonaki, aka rasa rayuka, sannan ne aka ɗaga mafi ƙarancin lada daga rand 69 zuwa rand 105 a yini a watan Maris na 2013. Sai a 2021 aka daidaita ladan ma'aikacin gona da na sauran ma'aikata. Ban ce gonakin kwarin "Sama da Ƙasa" ne suka aikata waɗannan ba, wasunsu ma sun haɗa kuɗi suna tallafa wa karatun ƴaƴan ma'aikata. Ina cewa ne sabuwar gona tana gadon tsohon bashi ko ta so ko ta ƙi, kuma wanda ke sayar da kwalba da tsada haka ba shi da hujjar tsayawa kan mafi ƙarancin lada.

Wani zai ce da ni, malam, kai da kanka ka lissafa ɓarnar giya, to me ya sa kake son a tura talaka cikinta? Tambaya ce mai kyau, kuma akwai abin da ke ƙara mata ƙarfi. Lokacin annobar korona gwamnatin ƙasar ta hana sayar da barasa har sau huɗu tsakanin Maris 2020 da Yulin 2021, asibitoci suka sami sauƙin masu raunuka, har a wayewar garin sabuwar shekarar 2021 ɗakin gaggawa na babban asibitin Baragwanath da ke Soweto ya kasance fayau, abin da ma'aikatansa suka ce ba su taɓa gani ba. Kasuwar ma ja da baya take yi: hukumar inabi ta duniya ta ce abin da aka sha a 2024 shi ne mafi ƙanƙanta tun 1961, gonakin inabin Afirka ta Kudu kuma sun ragu daga sama da hekta dubu 100 a 2006 zuwa ƙasa da dubu 90 a 2023, manoma na tumɓuke itatuwa suna dasa lemu da makamantansa. Amsata ita ce, ni ba inabin nake nema wa talaka ba, ƙasar nake nema masa. Wanda ya riƙe takardar fili mai ruwa a bakin teku shi ke da zaɓi, ya dasa inabi, ko tuffa, ko zaitun, ko furanni. Yanzu kuwa talakan yana cikin sana'ar tsundum, shi ke tsinka, shi ke shan mafi arhar abin da ta fitar, zaɓin ne kawai ba shi da shi.

Ruwa ma abin dubawa ne. Madatsar De Bos, wadda garin Hermanus ke sha daga gare ta, a cikin wannan kwari take. Fari na 2015 zuwa 2018, wanda ya kusa rufe famfunan Cape Town, ya nuna cewa lardin ba shi da ruwan wasa, ambaliyar Satumban 2023 kuma ta tsinka bututun da ke kai wa garin ruwa. Kowane sabon tafkin gona daga rabon wani ake ɗiba. A ƙasan kwarin akwai unguwar Zwelihle, inda baƙaƙen da ke yi wa garin aiki ke cunkushe, kuma a 2018 suka yi ta zanga-zanga kan filin da za su gina gidaje. Tsakanin ɗakin ɗanɗanon masu yawon buɗe ido da bukkar kwano tafiyar mintoci kaɗan ce a mota.

Akwai dai abu guda da na yi wa manoman kwarin hassada a kai, shi ne yadda suka tsare sunansu. Tun 1973 ƙasar ke da dokar asalin kaya, kwalba ba ta ɗaukar sunan wuri sai in inabin duka daga can ya fito, kuma manoman sun matsa har aka raba ɗan kwarin nasu gida uku, kowane da sunansa a doka. Masu albasar Galmi da masu kilishi, da suka sami rajistar sunansu a hukumar OAPI, sun san darajar wannan. Sai dai suna irin wannan yana da kaifi biyu, yadda yake ɗaga farashin kwalba haka yake ɗaga farashin fili, sai ya zama duk shekarar da kwarin ya ƙara suna, ƴar Tesselaarsdal ta gaba ta ƙara nisa da shi.

Abin da nake ganin ya kamata hukumomin Pretoria da na lardin su yi ba shi da wuyar faɗa. Wanda aka ba fili a ba shi takardarsa a hannu. Bankin manoma na gwamnati, wanda shi kansa ya kasa biyan bashinsa a 2020 sai da baitulmali ta cece shi, a gyara shi ya riƙa ba da rancen da ba a fara biya sai itace ya fara haihuwa, ba rancen masara da ake biya bayan wata shida ba. A gina ɗakin matsa na haɗin gwiwa a yankin don ƙananan manoma su daina dogara da kirkin maƙwabci. Sannan duk mai neman izinin sabon tafki ko share sabon daji a bakin teku, a sa masa sharaɗi a rubuce: hekta nawa za su shiga hannun ma'aikatansa da sunansu, mutum nawa zai ɗauka aikin dindindin maimakon na wata uku, kuma ina za su kwana in an gama girbi. Izinin ruwa a hannun gwamnati yake tun dokar 1998, ba sai ta je kotu da kowa ba kafin ta sa wannan sharaɗi.